Kwancin kaza a tsakiyar hunturu: kundin aiki daga ɗora ƙwai zuwa yaye

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Wurin aikin bayan garin Zariya ne. Kazar ta gida ce, ja, nauyinta kilo ɗaya da giram 400, ta taɓa ƙyanƙyasa da damina. Kwana biyu ke nan tana kwana a gurbi maimakon hawa sanda tare da sauran. In aka miƙa hannu sai ta baza gashi ta yi gurnani ta kai sara, kuma ta fige gashin ƙirjinta har fata ta fito. Wannan figar ita ce alamar da muka fi yarda da ita, domin da wannan fatar take ɗumama ƙwai kai tsaye.

Masu kiwo da yawa ba sa yarda kaza ta yi kwanci a Disamba, suna cewa ɗari zai cinye 'yan tsakin. Gaskiya ne ana asara, amma in aka bi sawun asarar, sanyin kansa ba shi ne kan gaba ba. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41, ƙwai kuwa digiri 37 da rabi zuwa 38 yake buƙata, kuma kaza mai ƙoshin lafiya tana iya riƙe wannan ko da asuba ta sauka digiri 12. Abin da ke kashewa shi ne iskar da ke ratsa gurbi, da bushewar da ke tsotse ruwan ƙwai, da ɗan tsakon da ya yi nisa da uwarsa bai samu hanyar komawa ba. A kan waɗannan uku za a tsara komai.

Ba a ɗora mata ƙwai na gaske ba tukuna. An bar mata tsofaffi biyu masu alamar gawayi, a ga ko za ta zauna da gaske.

Litinin, 9 ga Disamba

An haɗa ɗakin kwanci a wani lungu na tsohon ɗakin ajiya, ginin ƙasa, ƙofarsa tana kallon kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, don haka tagar wannan ɓangaren an toshe ta da buhun algarara ninki biyu. An bar tazarar yatsu huɗu tsakanin bango da rufi a ɓangaren kudu don iska ta riƙa fita ta sama. Leda ba ta shiga aikin nan: tana tara gumi da dare, da safe ya ɗiga a kan shimfiɗa.

Gurbin a ƙasa yake, ba a kan akwati ba. Gurbin da aka ɗaga sama iska tana bi ta ƙarƙashinsa, ƙwai ya yi sanyi daga ƙasa kaza tana ɗumama shi daga sama. An jera bulo uku aka yi murabba'i mai faɗin santimita 40, gaba a buɗe. A ƙasa an zuba jar ƙasa mai ɗan danshi kaurin santimita 8, aka daɓe ta da hannu aka yi mata kwari kamar cikin ƙwarya, mai zurfin santimita 4 zuwa 5. In kwarin ya yi zurfi ƙwai zai hau kan juna ya fashe, in ya yi faɗi kuma na gefe zai gangare ya kwana a waje. Sai toka mai laushi tafi ɗaya, busasshen ganyen darbejiya, sannan busasshiyar ciyawa mai laushi kaurin yatsu uku.

Kafin a kai ta an duba ƙarƙashin fukafukai da kewayen dubura. Akwai ƙwarƙwata kaɗan. An barbaɗa mata hodar kashe ƙwarin kaji mai sinadarin permethrin daga shagon maganin dabbobi, ana shafa ta har cikin fata. Fiya-fiya da maganin feshin gona ba sa zuwa kusa da kaza mai kwanci. Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa, abin da ke cikin iskar gurbi yana shiga ciki.

Bayan isha'i aka ɗauke ta da tsofaffin ƙwan biyu zuwa sabon wuri. Kaza da aka sauya wa gurbi da rana yawanci tana tashi ta koma tsohon.

Talata, 10 ga Disamba

Ta wuni a sabon gurbi ba ta motsa ba. Da dare aka cire tsofaffin aka ɗora tara. A lokacin zafi, irin wannan kazar tana rufe goma sha biyu, amma a hunturu duk ƙwan da ya leƙo daga gefen fiffike zai yi sanyi, kuma da yake kaza tana jujjuya su tana sauya musu wuri, kowanne zai samu rabonsa na kwana a gefe. Ƙwai uku na ƙari suna iya lalata duka.

Dukkansu na kwana biyar zuwa ƙasa ne, daga kaji huɗu da ke tare da zakara ɗaya. An ajiye su a kwalin ƙwai, tsinin yana kallon ƙasa, a ɗaki mai sanyi. A nan hunturu yana taimakawa, don ƙwan kwanci ya fi son ajiya tsakanin digiri 12 zuwa 18, amma in ya wuce mako guda ƙyanƙyasarsa tana raguwa. An ware masu tsagewa, masu siraran ɓawo, dogaye ƙwarai da masu datti. Ba a wanke ko ɗaya ba, wanki yana cire kariyar da ke kan ɓawo.

Kowanne an rubuta masa lamba da nauyinsa da fensir. Suna tsakanin giram 39 da 44. Amfanin awon zai bayyana nan gaba. Lissafin kwana 21 ya faɗa kan Talata, 31 ga wata.

Juma'a, 13 ga Disamba, kwana na 3

Ma'aunin zafi da aka rataye a bango daidai tsayin kaza ya nuna digiri 15 da asuba, tsakar gida kuma 12. Da azahar ɗakin yana kai 26.

Ba ta tashi da kanta ba tun ranar Talata, don haka an fara ɗaga ta sau ɗaya a rana, da azahar, lokacin da ɗakin ya fi ɗumi. Ana zura hannu a ƙarƙashin fukafukai tukuna a tabbatar ba ta maƙale ƙwai a ciki ba, in ba haka ba za a ɗaga ta ƙwai ya faɗo kan 'yan uwansa. Tana ci, ta sha, ta yi kashi guda babba mai wari, ta yi birgima a kaskon toka da yashi, ta koma cikin minti 15 zuwa 20. In ta haura rabin sa'a ana rufe ƙwan da tsumma mai kauri.

Abincinta tsabar masara da dawa ne, da ɗan abincin 'yan tsaki a gefe. Tsaba tana daɗewa a ciki tana ba ta ɗumi, kashinta kuma yana yin tauri. An cire mata abincin kaji masu ƙwai, tunda ta daina yi. Kwanon abinci da na ruwa suna nesa da gurbi da taku biyu. In aka ajiye su a bakinta ba za ta tashi ba, za ta yi kashi a kan ƙwai.

Talata, 17 ga Disamba, kwana na 7

Haska ƙwai na farko. An naɗe kwali a bakin tocila ya zama bututu mai faɗin bakin kwalba, ana ɗora faffaɗan kan ƙwai a kai cikin duhu. Ɗaya bayan ɗaya ake zarowa daga ƙarƙashinta a mayar, ba a kwashe su duka a ajiye a sanyi.

Bakwai sun nuna jijiyoyin jini da baƙin ɗigo a tsakiya. Lamba 4 fes yake, haske yana ratsa shi, inuwar gwaiduwa kaɗai. Lamba 8 jijiyoyinsa sun yi rauni. An bar su biyun zuwa dubawa ta gaba, don ɓawo mai duhu yana iya ruɗar ido a kwana bakwai.

Asabar, 21 ga Disamba, kwana na 11

Hazo ya sauko sosai, rana ba ta fito da ƙarfi ba, ɗakin bai wuce digiri 21 ba ko da azahar. An rage fitarta zuwa minti 10.

Lamba 4 an cire shi, babu komai a ciki. Barin irinsa har ƙarshe haɗari ne: zai zama baragurbi, in ya fashe a gurbi ya shafe sauran da ƙwayoyin cuta.

An taɓa ƙashin ƙirjinta, ya fara fitowa amma akwai sauran nama. Rama kaɗan dole ce ga mai kwanci. Abin tsoro shi ne zankonta ya koɗe ya yi fari, ko ta riƙa tsayawa a kan ƙwai tana susa maimakon kwanciya. Wannan aikin ƙananan jajayen ƙwari ne da ke ɓuya a tsagar bango da rana su fito shan jini da dare, kuma suna iya sa kaza ta gudu ta bar ƙwai. An goga farin ƙyalle a jikin bulo da dare, ba a ga jan ɗigo ba.

Talata, 24 ga Disamba, kwana na 14

A nan awon ya yi amfani. Ƙwai yana rasa ruwa ta ɓawo a tsawon kwanci, kuma abin da ake so shi ne ya rage kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa zuwa kwana na 18. Ke nan mai giram 42 ya kamata ya kai wajen 37 a ranar, a kwana na 14 kuma yana wajen 38. Namu mai 42 ya riga ya sauka 37 yau, sauran ma haka. Da aka haska, sararin iskar da ke faffaɗan kai ya fi girman da ya dace da wannan kwanan.

Dalili a fili yake. Danshin iskar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, ƙwai kuwa ya fi son wajen 50 zuwa 55. Ƙasar da aka daɓe a ƙarƙashin gurbi ta bushe ƙamas. In aka bar shi haka, ɗan tsako zai fito ƙarami a bushe, ko tantanin ciki ya ƙame a jikinsa ya kasa juyawa.

Gyara: lokacin da ta fita cin abinci, an zuba ruwa mai ɗumi kofi ɗaya a gefen ƙasar, ta jikin bulo, yadda zai bi ƙasa ya tsuma ta ba tare da ya taɓa ciyawa ko ƙwai ba. Za a maimaita duk bayan kwana biyu. Akwai masu yayyafa ruwa a kan ƙwan kansa. Ba mu bi wannan ba, don ruwa in yana bushewa a kan ɓawo sanyaya shi yake yi, kuma yana iya jan datti zuwa ciki. An kuma ajiye faffaɗan kwanon ruwa a lungu, an rufe shi da waya.

Lamba 8 ya mutu, zoben jini ne kawai a ciki. Saura bakwai, duk sun yi duhu ana ganin motsi.

Asabar, 28 ga Disamba, kwana na 18

Awo na ƙarshe: raguwar ta tsaya tsakanin kashi 13 da 14. Ya ɗan haura, amma zai yi. An zuba ruwan ƙarshe a ƙasa. Daga yau ba a ɗaga ta, ba a taɓa ƙwai. In ta tashi da kanta shi ke nan. An matso da ruwa kusa da ita, a kwano marar zurfi.

Sauran aikin yau shirya wa 'yan tsaki ne. An kewaye gurbin da shingen falanki mai tsayin santimita 45, fili mita ɗaya da rabi a kowane gefe. An fi son falanki ko kwali mai kauri a kan waya saboda yana tare iskar da ke bin ƙasa. Inda aka sa waya a sama, mai ido rabin inci ce. Mai ido inci ɗaya ɗan tsako yana kutsawa ya fita ya kasa dawowa, jaɓa da ɓera kuma su shigo. An toshe ramuka biyu a gindin bango da siminti.

Kusurwoyi huɗun an lanƙwasa musu kwali suka zama zagaye, don ɗan tsakon da ya ji sanyi lungu yake nema ya maƙale. Shimfiɗa ɓuntun shinkafa ne kaurin santimita 6, da buhun algarara a kai na kwanakin farko don kada su ci ɓuntun kafin su san abinci. Garin katako mai laushi ba ya yi, suna ci ya toshe musu ciki. Jarida da leda suna da santsi, ƙafa ta baje ta ƙi haɗuwa. Bakin gurbin an cike shi da ɓuntu ya zama gangare. Tudun yatsu uku ya isa ya hana ɗan kwana ɗaya komawa ƙarƙashin uwa.

Litinin, 30 ga Disamba, kwana na 20

Da la'asar an fara jin kuka daga ƙarƙashinta, tana amsawa ƙasa-ƙasa. Ba a ɗaga ta ba. Tsakanin huda ɓawo da fitowa ɗan tsako yana iya ɗaukar sa'a 12 zuwa 24, yana hutawa yana janye sauran gwaiduwa zuwa ciki. Danshin da ke ƙarƙashin kaza a wannan lokacin shi ke hana tantani bushewa, kuma ɗagawa ɗaya a iskar hunturu tana kwashe shi.

Laraba, 1 ga Janairu 2025

Jiya da dare kawuna huɗu suna leƙowa ta cikin gashinta. Yau da hantsi shida, duk sun bushe. An zura hannu a hankali aka kwashe ɓawon da aka fasa, don rabin ɓawo yana iya kifewa a kan ƙwan da bai fashe ba ya rufe shi.

Na bakwai ya huda tun jiya da safe bai ci gaba ba. Tantanin da ke bakin hudar ya koma ruwan ƙasa, ya yi tauri. An kai shi ɗaki mai ɗumi, aka jiƙa tantanin da auduga da ruwan ɗumi, ana kauce wa hancin. Da ya jiƙe ba a ga jan jijiya ba, sai aka ɓalle ɓawon kaɗan-kaɗan a kewayen faffaɗan kai kawai, aka mayar da shi ƙarƙashin uwa ya ƙarasa da kansa. Ƙa'idar ita ce in an ga jini a tsaya nan take, don yana nufin bai gama janye gwaiduwa ba. Ya fito da azahar, ƙarami, cibiyarsa ba ta rufe sosai ba. An shafa mata aidin. Irin waɗannan ba a cika sa rai da su ba.

Ba a gaggauta ba su abinci ba. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu zuwa uku.

Alhamis, 2 ga Janairu

Ta sauko da su da hantsi. An kwashe tsohuwar ciyawar gurbi aka ƙone, aka sa sabuwa a daidai wurin.

Ruwa ne farko. An huda gwangwanin tumatir ƙofa biyu kusa da baki, aka cika shi aka kife a kan faranti, ruwan bai fi zurfin rabin santimita ba, aka zuba tsakuwa a kewaye. Ɗan tsakon da ya jiƙe a hunturu ya fi wanda ya kwana da yunwa shiga haɗari. Ruwan mai ɗan ɗumi ne, da sukari cokalin cin abinci biyu a lita, na yau da gobe kaɗai. Uwar tana da nata kwanon a kan bulo, inda ba za su kai ba.

Abinci na kanti ne na 'yan tsaki, mai furotin kashi 20. Uwa ma shi take ci, ba ya cutar da ita. Akasin haka ne ba ya yiwuwa: abincin kaji masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4, wanda ke lalata ƙodar ɗan tsako. Wanda ba shi da halin na kanti zai iya haɗawa da awon sikeli: masara kashi 6, soyayyen waken suya kashi 3, garin busasshen kifi kashi 1, sannan a kowane kilo a ƙara garin ƙashi giram 20 da gishiri giram 3. A barza, kada a niƙa ya yi laushi kamar garin tuwo. Waken suya sai an soya shi ya yi ƙamshi, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Tsakin gero zalla da aka saba watsa musu yana cika ciki, amma gashi ba ya fitowa da wuri a kansa, kuma a wannan yanayin gashi shi ne rigar.

Asabar, 4 ga Janairu

Na bakwai ya mutu da dare, ciki a kumbure, cibiya ta yi baƙi. Cuta ta shiga ta cibiyar da ba ta rufe ba. An binne shi nesa da kaji.

Maganar ƙarin zafi. 'Yan tsakin da ba su da uwa suna buƙatar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa wajen digiri 3 kowane mako. Masu uwa ba sa buƙatar ɗaki ya kai haka. Suna fitowa su ci na 'yan mintoci a digiri 16, su koma ƙarƙashinta su ɗumama, su sake fitowa. Don haka babu kaskon gawayi a ɗakin nan. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe uwa da 'ya'ya cikin dare ɗaya, ga ɓuntu da buhu da ba sa wasa da tartsatsi. Ɗakin da ya yi zafi kuma yana sa uwar ta miƙe tana haki, 'ya'yan su watse. Abin da aka yi kawai shi ne rufe rabin shingen da zana daga magariba zuwa hantsi, ɗayan rabin a buɗe.

Kunne ya fi ma'aunin zafi aiki a nan. Kuka siriri ƙasa-ƙasa lafiya ce. Kuka mai ƙarfi da ba ya yankewa, wani yana waje yana jin sanyi. Ana leƙawa da tocila bayan isha'i da kuma asuba, a ƙirga su ta hanyar tabbatar babu ko ɗaya a fili.

Litinin, 6 ga Janairu

Da asuba an samu ɗaya a bayan gwangwanin ruwa, a miƙe, ido a rufe, jiki sanyi ƙalau. Irin wannan ba a yanke masa hukunci sai an ɗumama shi. An sa shi a tafin hannu ana hura masa iskar baki, sannan aka naɗe kwalbar ruwan zafi da tsumma aka kwantar da shi a jikinta cikin kwali. Zafin ya zama wanda bayan hannu zai jure. Ba a kanga shi a wuta, ba a ɗura masa ruwa yana sume, zai shaƙe. Cikin rabin sa'a ya fara motsa ƙafa, bayan sa'a guda yana kuka. Da ya tsaya da kansa aka tsoma bakinsa a ruwan sukari, aka tura shi ƙarƙashin uwa ta baya.

Tazarar da ke tsakanin gwangwani da bango ita ta riƙe shi. Yanzu kayan ci da sha suna tsakiyar fili, kuma ana kwashe su da magariba a dawo da su da safe, tunda ba sa ci cikin duhu.

Biyu suna da busasshen kashi manne a dubura, abin da sanyi ke yawan jawowa. In ya toshe, ɗan tsako yana mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. An jiƙa da ruwan ɗumi har ya saki da kansa, ba a fizga ba, aka busar da wurin sarai, aka shafa man gyaɗa kaɗan. A kula kada a ɗauki cibiya a matsayin kashi. Ita tana ƙasa da dubura, wajen ciki.

Laraba, 8 ga Janairu, mako ɗaya

Rigakafin cutar Niyukasil. Hunturu ne lokacinta, ita ce mai zuwa da koren zawo, da minshari, da murɗewar wuya, ta share akurkin unguwa cikin mako guda. An yi amfani da nau'in I-2 da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take yi, wanda ya fi jure rashin firiji. Ɗigo ɗaya a ido ɗaya, a riƙe kan har ya ƙifta ya shanye. Uwar da sauran kajin gida duk sun samu a rana guda. Kwalbar ta kaji da yawa ce kuma in an haɗa ta ba ta ajiyuwa, don haka aka shirya da maƙwabta aka raba. Wannan ma riba ce, kajin maƙwabci su ne hanyar da cutar ke bi ta shigo.

An ɗauke buhun, suna kan ɓuntu yanzu. Gashin fiffike ya fara fitowa. Wanda yake shiga ɗakin yana da takalmi na daban a bakin ƙofa, kuma ba za a shigo da sabuwar kaza daga kasuwa ba sai bayan sanyi.

Laraba, 15 ga Janairu, mako biyu

Rigakafin cutar Gumboro, mai kama ƙananan kaji, ta ruwan sha. An janye ruwa sa'a ɗaya, aka haɗa a ruwan rijiya cikin roba, da garin madara giram 2 a lita. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe maganin, kwanon ƙarfe ma ba a so. Su shanye cikin sa'a biyu, ragowar a zubar a rami.

Yau aka fara fitar da su rana, daga ƙarfe 11 zuwa 2, a jikin bangon da ke tare iska, ƙarƙashin babban kejin waya da ya haɗa su da uwar, an lulluɓe gefe ɗaya don inuwa. Sakin uwa ta yi yawo da su a wannan matakin shi ne babbar ƙofar asara. Tana fita tun da sassafe tana tono, hankalinta yana kan abinci, ba ta tsugunna musu a kan kari, na baya ya gaji ya kwanta. Ga shirwa, da rani babu ciyawar ɓuya.

An fara ba su gara da yankakken ganyen zogale da latas kaɗan, tare da yashi mai tsakuwa-tsakuwa a murfin gwangwani, don duk abin da ba gari ba sai da tsakuwa ƙundu ke niƙa shi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Shida suna nan, kafaɗa da baya sun fara rufuwa. Sun yi girman da ba sa shigewa ƙarƙashinta duka, biyu suna kwana da rabin jiki a waje. Wannan matakin yana yaudarar mutane, a ga sun girma a cire kariya, alhali ƙirji da wuya babu gashi tukuna. An kife babban kwali a kan wurin kwanansu, mai ƙofa a gefe da huda shida a sama, don ya riƙe ɗumin jikinsu.

Ɓuntun da ke kewayen ruwa ya dunƙule, an kwashe an sa sabo. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo zawon jini daga mako na uku zuwa na shida, alamarsa ɗan tsako ya saki fukafukai ya takure, kashi da jini. Akwai amprolium, maganin wannan zawon, a ajiye, ba a ba su ba tunda babu alama. Gwajin iskar ɗaki kuwa, a tsugunna daidai tsayin kaza a shaƙa. In ido ya yi yaji, ɗakin ya rufu da yawa, a ƙara buɗe sama.

An faɗaɗa shingen zuwa mita biyu da rabi. Gumboro na biyu za a yi shi ranar 29 ga wata.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, mako na shida

Asuba ta koma digiri 17 zuwa 18, rana ta fara zafi. An yi Gumboro na biyu a ranarsa, an maimaita Niyukasil ranar 5 ga wata, daga nan sai duk bayan wata huɗu. Nauyinsu yana tsakanin giram 230 da 290, gashi ya rufe jiki sai ɗan saura a kai. Da alama zakaru biyu ne, zankonsu ya fara ja.

Uwar ta fara yaye. Zankonta ya dawo ja, ta daina kiransu in ta samu abinci, jiya ta sari biyu da suka matso, da dare tana neman hawa sama. An mayar da ita cikin sauran kaji da dare, aka sa ta kan abincin masu ƙwai da ɓarzajjen ƙashi a gefe. Ta rage giram 200 daga nauyinta na Disamba, don haka ko ta sake neman kwanci ba za a ɗora mata ba sai ta mayar da jiki.

'Yan tsakin za su ci gaba da kwana a kwalinsu mako biyu, an sa musu sanda mai tsayin santimita 20 su koyi hawa. A mako na takwas za a juya su zuwa abincin masu tasowa, ana gauraya shi da na yanzu tsawon kwana biyar. Haɗa su da manya sai sun kai wata uku, ta bayan waya tukuna. Rigakafin ƙurajen fuska da maganin tsutsar ciki suna jiran mako na takwas.